Ta ƙi zama, muka yi ta lodi

Jama'a, yau gyara ya kashe ni!

Motata tana tangaɗi a kwana, kullum ina tsoron kifar da mutane. Jiya na kai ta gareji a Dogon Dutsi, aka sa mata sababbin resor masu tauri, wato ƙarafan ƙasa da ke tallafe nauyin mota.

Da safe na je ɗaukar hatsin kawuna zuwa Kiéché. Kun san ba ma auna kaya. Sai gindin mota ya zauna mu ce ya isa. Yau ta ƙi zama!

Na ce, "Kawu, anya bai yi yawa ba?"

Ya ce, "Dube ta tsaye kamar raƙumi! Tsoronka ya yi yawa, Salisu. Ku ƙara!"

Aka ƙara.

Muna sauka daga kwalta, sai ƙarau! Ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya ya karye. Taya ɗaya ta wuce mu da gudu!

Na kira makanike. Ya ce, "Resor na canja maka, malam, ban mai da ta babbar motar kaya irin kamiyo ba."

Da motar nan nake ciyar da gida. Kawu ya tare amalanke, ya kwashe hatsinsa, ya ce Allah ya kyauta. Ni ina nan bakin hanya, ban san me zan faɗa wa uwar yara ba.