Baba Gariba, Wanda Ba Ya Faɗa Wa Mai Yunwa Mugun Labari

Kafin masu dakon goro su fara wucewa kasuwa, Baba Gariba ya riga ya share bakin shagonsa a unguwar Aboabo ta Kumasi, ya fito da benci biyu, ya ɗora tsohuwar rediyonsa a kan akwatin katako. Gyaran rediyo ce sana'arsa, amma ba ita ta tara masa jama'a ba. Yakan murɗa Akra, ya murɗa Kaduna da Yamai da Landan, yana sauraro ido a rufe, sannan ya kashe ya juyo ya zuba mana duniya da Hausar zango, har da ɗan gishirinsa. Turancinsa a yaƙin Bama ya tsinto shi, lokacin da ya yi wa ƙasar nan soja. Ni malamin makaranta ne, kuma shekara da shekaru a bencin nan nake fara yini.

Doka ɗaya gare shi: ba ya faɗa wa mai yunwa mugun labari. In labarin mai daɗi ne, kai tsaye zai faɗa. In kuwa ya kashe rediyo ya ce, "Kun karya?" to, kowa ya shiga taitayinsa. Sai an miƙa kwano wajen Mamunatu mai koko da ke gefensa, ya ga kowa ya haɗiya, sannan ya buɗe baki. Buraima mahauci, abokin gardamarsa, ya sha tsokanarsa.

"Baba, kai da Mamunatu kun haɗa baki ne. Duk ran da koko ya ƙi tafiya, sai duniya ya lalace."

"Duniya ba shi jiran koko, Buraima. Ciki wofi ne ba shi riƙe magana."

Bai taɓa yi wa labari kwalliya don ya faranta mana ba. Lokacin yaƙin Biyafara, in ya ce gari kaza ya faɗi, akwai masu tafi. Wata safiya ya daka musu tsawa, ya ce yaron da yunwa ke kashewa a can bai san sunan shugaba ko ɗaya ba. Buraima ya yi fushi, ya kira shi ɗan Biyafara, ya ɗauke ƙafa. Bai daɗe ba ya dawo, don duk Aboabo babu mai jure gardamarsa sai Baba.

Da zaɓen bara ya zo, Buraima ba shi da ƙuri'a, amma ya fi masu ƙuri'ar rawar kai, har tsire ya raba a wajen taro. Shi kuwa Baba yana ta jin jawabai a rediyo, ana cewa baƙi sun cinye kasuwa, baƙi sun cinye aiki. Ya girgiza kai ya ce, "Mai mulki in ya rasa abin da zai ba talaka, sai ya ba shi wanda zai tsana." Aka ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Maganar ta tabbata cikin azumi. Tun hantsi jita-jita ta cika zango, wannan ya ce kaza, wancan ya ce ba haka ba, aka yo ca a shagon Baba. Muka tarar ya rufe rediyo da tsumma yana ƙoƙarin gyara wata.

"Baba, ka faɗa mana! Kana kashe mu fa!" in ji Buraima.

"Azumi ne a bakinka. Je ka sai da namanka. Sai an sha ruwa."

An roƙe shi, an zage shi, bai kula ba. Shi kaɗai ya riƙe abin nan a cikinsa har rana ta faɗi, shi ma da azuminsa. Bayan magariba ya bi mu da ido har kowa ya sha kokonsa. Sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba, ya ce gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Ranar babu gishiri.

"To ni da aka haife ni a Moshi Zango fa?" Buraima ya tambaya.

"Babanka daga ina?"

"Sakkwato."

"To sun ce kai ma can."

Baba Gariba, kai ne ka ci gaba da fito da benci lokacin da zango ya zama tasha. Kai ne ka riƙa faɗa wa mutane hanyar da ta buɗe da iyakar da jama'a suka maƙale cikin rana, ba ka rage ba, ba ka ƙara ba. Mutane na sayar da gida a kuɗin akuya, wasunsu na wucewa suna ce maka mai baƙin baki, kamar kai ka rubuta dokar. Ba ka rama ba. Ka raka Buraima har bakin mota, yana zaune kan turmin matarsa yana ɗaga murya wai in ya isa zai aiko da labari. Har yau shiru.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk cikinmu babu wanda ya tambaye shi nasa matsayin. A goye uwarsa ta kawo shi Kumasi daga ƙasar Dosso, can wajen Yamai, ko hanyar garin bai sani ba. Matarsa tana kwance a maƙabartar Tafo. Ni da iyayena 'yan Yendi ne a nan Ghana, ba mai tambayata komai, na ɗauki maganarsa da lambobinsa na soja na shiga ofis-ofis. Je ka dawo, je ka dawo, har salla ta wuce, har yaƙin Biyafara ya ƙare. In na dawo a gajiye sai ya yi dariya ya ce, "Ticha, Amirkawa sun je wata, ba wanda ya tambaye su takarda." Ashe a wurin masu mulki, wanda ya kai ransa Bama saboda ƙasar nan har yanzu baƙo ne, raɓa.

Makon jiya suka ba ni amsa. Na kwana da ita, da safe na tsaya wajen Mamunatu na sayi koko da ƙosai. Ta dubi fuskata, ta ƙara ludayi ɗaya. Na ajiye kwanon a gabansa.

"Baba, ka karya?"

Ya dube ni, ya dubi kwanon. Ya ɗauka ya sha a hankali har ya shanye, ya share gemu.

"Ticha, ka iya aikin. Yaushe ne?"

"Kafin ƙarshen wata."

Ya gyaɗa kai, ya juya ya murɗa Akra, don akwai 'yan tsofaffi a benci suna jiran labari.

Mun gode, Baba Gariba, kunnen Aboabo. Ka faɗa mana gaskiya muna so, ka faɗa mana ba ma so, kuma ba ka taɓa jefa mana ita kamar dutse ba. Ba ni da wani albishir da zan yi maka. Ban ga alamar masu mulki za su ji kunya ba, kuma ban ga alamar waɗanda suka tafi za su dawo ba. Allah Ya saka maka, tunda mu mun kasa.

Ku da kuka rage, har yanzu yana fito da bencinsa, ku je ku gaishe shi tun yana nan. Duk mai rediyo da harshe a cikinku ya ɗauki dokarsa, ya faɗi gaskiya ko da ɗaci, amma ya fara duba halin wanda zai ji ta. Mugun labari dai ba zai ƙare ba, zai bi shi har inda za shi. Abin da ban sani ba shi ne, wa zai tambaye shi a Dosso ko ya karya.