Sadakar da Ta Rasa Mai Karɓa

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Montreuil da ke gefen Paris zuwa Lyon, mu huɗu a motar aro. Tafiyar tawa ce, sauran rakiya suka yi mini: abokan karatuna biyu 'yan Maraɗi, sai ɗiyar Hajiyar da nake zaune gidanta, yarinya haifaffiyar Paris wadda Hausarta ke tafiya da sanda. A bayan mota akwai kula cike da masa, Hajiya ta soya da hannunta ta kuma hana kowa taɓawa.

Kakata tana cikin uwarta aka ɗebi mahaifinta daga Damagaram zuwa yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya ce a wajen Lyon ya faɗi. Uwarta ta ƙi yarda, ta ce ba a yi wa wanda ba a ga gawarsa ba sadaka, har ta rasu tana jira. Yanzu kaka ta tsufa tukuf, ido ya tafi, kuma duk wayar da muka yi maganarta ɗaya ce: "Kai da ke ƙasar, je ka yi wa ubana sadaka inda ya kwanta, in ji da kunnena kafin in bi shi."

Hanyar kudu shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ba jandarma, amma ƙofofin biyan kuɗin hanya sun isa su sa mutum ya yi kewar jandarman, don shi ana iya roƙonsa. Mun tsaya shan kafe, ɗaya daga 'yan Maraɗin ya ga farashi ya ce ƙishirwarsa ta wuce. Dama da hagu gonakin inabi ne, da fararen shanu masu ƙiba da ba makiyayi a bayansu.

Kafin a shiga Lyon muka ratse zuwa ƙauyen Chasselay, inda maƙabartar sojojin Afirka take. A tsakiyar gonaki sai ga jar katanga da zankaye, sak ginin unguwar Birni a garinmu. Waɗanda ke kwance a ciki, da yawansu bayan sun miƙa wuya aka ware su daga Turawa aka harbe, don kawai baƙaƙe ne. Na bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya, ban ga sunansa ba. A kan wasu an rubuta cewa ba a san mai su ba. Na tsuguna gaban ɗaya daga cikin waɗannan, muka yi addu'a, na yi kukan da ban shirya ba.

Sai muka sauke kula, a nan wautarmu ta fito. Mu da muka yi shekara da shekaru a ƙasar nan, ba wanda ya tuna ya tambayi kansa wa zai karɓi masar. A gida ka buɗe kwano ka ce sadaka, kafin ka juya ya ƙare. Nan kuwa ko tsuntsu bai kula mu ba. Wani ya zo wucewa da gudun motsa jiki, na miƙa masa, ya ƙara gudu. Wata dattijuwa mai kare ta tambaya ko sayarwa muke. Ɗiyar Hajiya ta yi mata bayani da faransancin da ya fi na dattijuwar sauri, ta saurara da ladabi, ta ce ta riga ta ci abinci. Abokaina suna ta dariya, ni kuwa hankalina ya tashi, don sadakar da ba a karɓa ba ba ta fita ba, kuma ba zan yi wa kaka ƙarya ba.

Ɗiyar Hajiya ce ta ce mu je Saint-Fons, unguwar masana'antun Lyon. Tun daga nesa dogayen bututun hayaƙi da warin magani suka tare mu. Mun sami la'asar a wani ƙaramin masallaci kusa da gidan ma'aikata, cike da tsofaffin da suka ƙarar da ƙarfinsu a masana'antun: 'yan Mali, 'yan Senegal, Larabawa. Da aka sallame na buɗe kula a bakin ƙofa. Ba wanda ya nemi dogon bayani, hannu biyu suka miƙo. Wani dattijo Bamale ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wa ya rasu?" Na gaya masa. Ya sa na faɗi sunan da ƙarfi, ya ja Fatiha. Kafin a shafa wani ya ce a sa kawunsa, shi ma bai dawo ba, wani ya ce a sa kakansa. Sai da aka ambaci mutane da dama, masar ta zama ta kowa. A nan muka yi alkawari da su baɗi za mu dawo da yaran mutanenmu haifaffun nan, su ji sunayen daga bakin masu su.

Mun kwana a Lyon, washegari muka dawo Paris lafiya. Abin da na koya shi ne tarihinmu a ƙasar nan ba a bayan jar katanga kaɗai yake ba, yana bakin tsofaffin da muke wucewa kullum ba mu zauna da su ba, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ina sauke jaka na kira Damagaram. Kaka ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"An karɓa?"

"An karɓa, Kaka, an cinye tas. Dattawa suka ci, suka yi masa Fatiha da sunansa."

Sai ta ce, da murya wasai, "Alhamdulillahi. To ka yi mini gaisuwa, yau ubana ya rasu."