Kaset Shida na Koyon Larabci

Shekara goma sha biyu ke nan cif, a wannan watan, da muka kai Sani Direba makwancinsa a nan Riyadh. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa sai in fasa, saboda abin da na fi tuna shi da shi ba irin wanda ake faɗa a zaman makoki ba ne. Bana dai na yi ƙarfin hali.

Tare muka zo ƙasar nan daga Jos, kafilinmu ɗaya, wato Balaraben da ya tsaya mana muke aiki a ƙarƙashinsa, ɗakinmu ɗaya a unguwar Utaiƙa kafin kowa ya yi aure. Aikinmu ɗauko tumatir da kankana daga kasuwar Aziziya, mu rarraba wa masu shaguna a unguwar Suwaidi. Sani mai sallah ne a kan lokaci, ba ya cin haƙƙin kowa. Sai dai Allah ya jarabce shi da son waƙoƙin hip-hop na Amurka, irin na casun nan da suka cika rediyo muna samari, masu gangar da ake ji har cikin ƙirji. Turancinsa bai wuce na karanta allon hanya ba. Na taɓa tambayarsa me suke cewa, ya ce a iya fahimtarsa cewa suke kowa ya ɗaga hannu ya manta da gajiya. Daga baya da aka fassara mini wasu baitocin, na gode Allah da iyakar fahimtarsa ke nan.

A lokacin ba a sakin kiɗa a titi yadda aka ga dama. Ana iya tsayar da kai a yi maka faɗa, idan magana ta kai kunnen kafili kuwa ka shiga uku. Sai Sani ya bi kaset ɗinsa guda shida ya rubuta musu "Koyon Larabci", kashi na ɗaya zuwa na shida. Gilas a rufe, gumi na zuba, shi kuwa yana dukan sitiyari yana gyaɗa kai. Da mun iso danja sai ya rage sauti ya haɗe rai kamar mai zuwa gaida surukai. Ni ne mai duba hanya, ni ne kuma mai yi masa faɗa, amma ƙafata ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi cikin kwana biyu. Ya bar matarsa Rabi, haifaffiyar garin nan, da 'yarsu Hauwa mai shekara bakwai. Bayan takaba Rabi ta tattara kayansa za ta yi sadaka, ta ga kaset shida na karatu, ta aika wa wani ɗalibi ɗan Nijar da ya zo jami'a sabo, don lada ya kai wa mamaci. Kwana uku sai ga bawan Allahn nan a ƙofata da leda a hannu, don ya san ni aminin mamacin ne, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ya daure ya saurari kashi na ɗaya har ƙarshe, ko Larabcin yana gaba, bai same shi ba. Ranar na fara dariya tun rasuwar Sani. Na ɓoye ledar, ban gaya wa kowa ba.

Shirun nan ne ya zo ya dame ni. Mu idan mutum ya rasu sai mu yi ta gyara shi a baki har ya daina kama da kansa. Hauwa ta tashi tana jin "Malam Sani mai kamun kai, ba ya wasa", hotonsa kuma sai na iƙama, katin izinin zama a ƙasar, wanda ya yi kicin-kicin a ciki. Bara ta ce wa matata da mahaifinta yana raye da bai ji daɗinta ba, tunda ita mai surutu ce da son kiɗa. Maganar ta ci mini rai ƙwarai. Yarinya tana jin kunyar wani uba da mu muka ƙirƙira mata.

Ga shi kuma garin ya canza. Waƙoƙin da Sani ke ɓoyewa yanzu a manyan kantuna ake sakinsu, matasa sun tono su a waya suna taka rawa, wasu har sun sake shiga jerin waɗanda aka fi saurara. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san abu na farko sauke gilas zai yi. Na biyu ya ce mawaƙan yanzu ba su iya komai ba. Ina ganin abin da ya hana waƙoƙin tsufa shi ne ba sa neman ka san komai: amshi ɗaya ne, mai dakon kankana da ɗan mai kanti duk za su kama shi.

Watan jiya na fara gaya wa Rabi. Ta daɗe tana dariya, ta ce ashe shi ya sa Larabcinsa bai taɓa gyaruwa ba. Da la'asar na kai musu ledar da tsohon rediyona. Hauwa ta san waƙar farko, tana da ita a wayarta. Abin da na manta shi ne yadda Sani ke kwafar kaset: rediyo biyu yake haɗawa fuska da fuska, duk motsin ɗaki sai ya shiga. Ana tsakiyar kashi na huɗu sai ga muryarsa yana bin amshi da Turancin da babu shi a duniya, ga ƙyalƙyalar dariyar yarinya, yana cewa, "Yalla Hauwa'u, taka! Haka ne, taka!"

Hauwa ta dube ni, da Hausarta mai gauraye da Larabci ta ce, "Baffa, wallahi Abuya ne wannan?"

Na ce, "Shi ne. Mai dariyar kuma ke ce."

Sani bai bar gadon gida ba, bai bar na mota ba. Ya bar sallarsa da amanarsa, Allah ya karɓa, ya yafe masa kurakuransa da namu. Ya kuma bar wa 'yarsa shaidar cewa ya ji daɗinta tun tana tatata. Tana kuka tana dariya, ta matso da rediyon kusa da kunnenta ta ce, "Baffa, mayar baya."