Hulunan da Na Ƙi Ɗorawa a Sikeli

Ina tsakiyar ɗaure kwali a ofishinmu na kago da ke Deira 'yata ta fari ta kira ni. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. A lokacin tana aji biyu a wata kwalejin gwamnati a can gida, ni kuwa aikina a Dubai auna kayan 'yan kasuwa da tura su Kano.

"Baba, na biya kuɗin makaranta," in ji ta, "amma ban biya na ƙungiyar ɗalibai ba. Kuma ba na son in biya."

Na tambaye ta ko kuɗin ne bai kai ba. Ta ce har da saura. Shugabannin ƙungiyar ne suka koma 'yan kamfen ɗin wani ɗan takarar gwamna. Da kuɗin da ake karɓa dole daga kowane ɗalibi suke ɗaukar hayar motoci zuwa taronsa, su hau rediyo su ce suna magana da yawun kowa. Famfon ɗakin kwanan mata kuwa tun bara ya lalace, ba wanda ya ɗaga murya a kai.

"Mutumin ne ba kya so?"

"Ko wanda nake so ne, Baba, ai sai a tambaye ni."

Matsalar ita ce wanda bai biya ba, ba ya shiga jarrabawa. Na ce mata karatu na tura ta, ta biya ta huta. Ta ce guminka ne, in ka ce in biya zan biya. Yadda ta faɗi maganar ya hana ni yanke hukunci. Na ce ta dakata in yi tunani.

Ana cikin haka wani Alhaji ya zo da kaya, babban kwastoman ofishinmu, wanda in ya shigo maigidana da kansa yake miƙewa ya ba shi kujera. Kwalaye ne cike da mota. Da hannunsa ya yage bakin ɗaya ya zaro hula ya miƙo mini don in yaba aikin. Hoton ɗan takarar nan ne a gaba, a gefe kuma sunan ƙungiyar ɗaliban kwalejin su Uwata, an ɗinka shi da zare mai ƙyalli.

"Ranka ya daɗe, wa ya biya waɗannan?"

Ya yi dariya. "Yaran ne suka ba ni kwangila. Biya kuwa, ai iyayensu ne."

Na juya hular a hannuna. Na tuna zafin sito a watan bazara, da shinkafa da wake da nake ci a tsaye don in rage abin turawa gida. Ashe abin da na tura ya zagayo ya dawo Deira ya zama hula, yanzu kuma ni ake jira in auna shi.

Na ajiye ta a kan kwalin. "Alhaji, ina cikin iyayen nan, kuma ba a tambaye ni ba. Ba zan auna kayan nan ba."

Maigidana ya taso. "Yalla, maza ɗora kaya a sikeli. Nan ba wurin siyasa ba ne."

"Ni ma abin da nake faɗa ke nan, yallabai. Ba ni na kawo ta nan ba."

Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san bizarsa a hannun maigidansa take. Ni ma na sani. Abokin aikina, wani ɗan zangon Kumasi, yana ta taka mini ƙafa a ɓoye yana cewa shwaiya, shwaiya, wato in bi a hankali. Ban motsa ba. Alhaji ya sa aka mayar da kwalayensa mota, ya kai su wani ofishin kago a unguwar Port Saeed, nan cikin Dubai. Hulunan sun isa gida lafiya lau, na ga hotunansu a kan ɗalibai daga baya.

Ba a kore ni ba, amma an ɗauke ni daga ofis mai sanyi aka mayar da ni sito, can na ƙarasa bazarar ina lodin kwantena. Ranar da abin ya faru, da na fito sallar la'asar, na kira Uwata na ce kada ta biya.

"Baba, za su hana ni jarrabawa fa."

"Na sani. In kin fasa ba zan ga laifinki ba. In kin tsaya, ina bayanki."

Ta tsaya. Ita da wasu 'yan tsiraru suka riƙa zuwa ƙofar ofishin shugaban harkokin ɗalibai kullum da safe su zauna, ba ihu, ba zagi. Aka yi jarrabawa suna waje. Zangon karatu guda ya tafi mata a banza, 'yan ajinsu suka wuce ta. Mahaifiyarta ta daɗe ba ta ɗaga wayata, da ta ɗaga kuma cewa ta yi na zauna a Dubai ina wasa da makomar yarinya. Haka na sha faɗan.

A zango na gaba, bayan wasu iyaye sun fara zuwa da kansu, makarantar ta bar su suka rubuta ba tare da sun biya ba. Ba a yi sanarwa ba, ba a soke kuɗin ba. Har yau ana karɓarsa daga duk wanda bai yi tambaya ba.

Uwata ta gama bayan sa'o'inta, yanzu tana koyarwa a wata sakandare. Alhaji kuwa mukan haɗu a masallaci a unguwar Al Rigga ranar Juma'a. Mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi kasuwa. Bai sake kawo mana kaya ba, maigidana kuma bai fasa yi mini gori a kai ba duk sanda ciniki ya ja baya.