Gorar Baba a Bakin Tafki

Ko mantuwa ta cinye mini komai, ba za ta ci ranar da na tashi korar dattijon da ke gadin tafkin kifinmu a Gomari ba. Mu mata ne muka haɗa kai muna kiwon karfasa, ni ce shugaba, don ni kaɗai na yi makarantar yaƙi da jahilci, bayan na aurar da 'ya'ya uku. Karatun nan kuwa ya hau mini ka, ba na musu.

'Yar ƙanwata injiniya ce. Ita ta nutsa mana na'urori huɗu a ruwan, kowace kamar gwangwanin madara. Suna auna iskar ruwa, su aika da 'yar ƙara zuwa ga uwarsu da ke gefe, ita kuma ta turo wa wayata saƙo. In iska ta yi ƙasa, mu tada injin hura iska kafin kifi ya shaƙe.

Ana nan sai saƙo ya ɗauke. Kwana uku shiru, ran na huɗu muka tarar da kifi sun fara juya ciki sama. Take zuciyata ta tafi kan Baba mai gadi. Tsohon masunci ne da rikici ya koro daga bakin Tafkin Chadi, ba shi da kowa sai aikin nan, kuma tun ranar farko yake wa na'urorin kallon hadarin kaji. Na laɓe bayan ɗakin abincin kifi da la'asar. Me zan gani? Baba ya zura gora a ruwa daidai inda suke, ya kafa kunne a ɗaya bakin. Na ce shi ke nan, ɓarawo a hannu.

Na kira matan, na kira 'yar ƙanwar tawa, na zazzage masa a gabansu. Har makullin ƙofa na ce ya miƙo. Sai da na gaji, sannan ya ce, "Hajja, 'ya'yan naki baki ɗaya suke kuka. Da can bi da bi suke yi." Ya ce a tafki in masunta za su kira juna da bugun kwalekwale, ɗaya ke bugawa, saura su jira, in ba haka ba ruwa ya cakuɗa sautin.

Yarinyar ta karɓi gorar ta saurara, ta daɗe. Da ta ɗago, ni ta kalla.

"Inna, da kika canza batir, yaya kika kunna su?"

Nan take na tuna. Ta gaya mini tun farko in riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti biyu, don kowace daga lokacin da aka kunna ta take ƙirga sa'ar maganarta. Ni kuwa na ga ɓata lokaci ne, na jera mata huɗu daga cikinmu, muka yi bismilla muka danna tare. Saƙonnin suka riƙa karo a ruwa, uwar ba ta jin ko ɗaya.

Ranar ta gyara su, kowace ta saurara tukuna, in wata na magana ta dakata. Ni kuma na durƙusa na mayar wa Baba makullinsa. Ya ce Allah ya yafe mana, amma gorar ba zai ba ni aro ba.

Tun daga nan, in zargi ya taso mini, sai na fara tambayar abin da hannuna ya taɓa, kuma ba na buɗe baki sai na ji mai magana ya kai aya.