Ranar da Na Kashe Surutun Gidanmu

Shekarun baya kaɗan, na sayo wata wayar tebur mai arha wadda ake jona wa intanet, na kafa ta a gidanmu na Haɗeja. Saboda mahaifiyata na yi. Yayarta, wadda muke kira Inna, ta fi shekara arba'in a Sudan, tsufa ya kama ta, idanunta sun tafi, murya kaɗai ta rage a tsakaninsu. Duk Juma'a da hantsi suke gaisawa.

Sai dai wayar tana da wani gurnani, zuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Mahaifiyata ta yi ta "Na'am? Me kika ce, Yaya?" har ta gaji ta ajiye. Ran nan na ga tana share hawaye, ta ce mini, "Rabin maganarta ban ji ba, kuma ban san sau nawa ya rage mana ba."

Na duƙufa bincike. Na kashe fanka, gurnani na nan. Na kashe firij, ya ɗan ragu. Har maƙwabcinmu mai injin casar shinkafa na je na roƙa ya dakata minti biyar, ya bi ni da kallo kamar na zautu, amma ya kashe. Bai canja komai ba. Abokina mai gyaran rediyo ne ya zo, ya kara kan wayar a kunne, ya zare cajar ya jona tasa. Tsit! Ashe cajar banza aka haɗo ni da ita.

Da na tsaya nan da na huta. Amma daɗin nasara ya ɗebe ni, na ce saura hayaniyar gida. Na ja waya zuwa ƙuryar ɗaki, na jingina katifa a taga, na ɗaura soso a bakin wayar, na kora kaji bayan gida.

Juma'a ta zo, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran yabo. Bayan sallama sai na ji muryar Inna tar, tana cewa, "Ke, gaya mini gaskiya. Wa ya rasu?"

"Lafiya lau, Yaya."

"To ina mutanen gidan? Ko asibiti aka kwantar da ke kuke ɓoye mini?"

Da aka yi mata bayani, ta ce a ba ni. "Ɗan nan, zuuu ɗin ka kyauta da ka cire. Sauran kuwa mayar mini da abina."

Na kwashe katifa, na fito da waya tsakar gida. Inna ta kasa kunne: daka a maƙwabta, babur a lungu, mai kifi tana talla. Can wasu tsuntsaye suka gifta suna fito.

"Kirinjijiya!" in ji ta. "Ruwa ya cika fadama ke nan?"

Ya cika kuwa. Ni da nake garin ban lura ba.

Inna ba ta kai wata daminar ba. Abin da ke ba ni mamaki har yau, mako uku ina fama, ban taɓa tambayarta me take son ji ba. Yanzu in ina waya da wanda ya daɗe rabonsa da gida, ba na rufe ƙofa.