Baƙin Man da Ya Ƙi Raguwa

Shekarar da maƙwabcina ya tafi sauke farali, ni ya bar wa makullin motarsa. Bayarabe ne, amma a Fagge aka yanke masa cibi, atamfa yake sayarwa a kasuwar Kwari, kuma tun kafin ya ga Makka muke ce masa Alhaji. Motar tsohuwa ce ƙirar da, ita ke ɗauko masa kaya, ita ke kai iyalinsa asibiti. Ana gobe zai tashi ya kira ni ƙofar gida, ya ɗaga bonet.

"Malam, amana ce. Kullum da safe ka tashe ta ta ɗumama, kada batir ya mutu. Amma kafin nan ka duba geji."

Ya zaro wani siririn ƙarfe daga cikin inji, ya goge shi da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. A bakinsa akwai ɗigo biyu. Ya ce baƙin mai ya tsaya tsakaninsu. Tana ɗan shan mai, in ji shi, ga galan nan in ya ragu in ƙara.

Aikin ya yi mini daɗi, don ya tuna mini da tsoma alƙalami a tawada. Malaminmu na ajami ya sha ƙwace takarda daga hannuna idan na karanto abin da nake zato maimakon abin da aka rubuta. Da wannan tarbiyya na riƙa karanta gejin kowace safiya bayan na dawo daga masallaci.

Aka yi Arfa, aka yi layya, galan na nan a rufe. Da fari na yi murna. Sai na lura man ba tsayawa ya yi ba, hawa yake. Ya taɓa ɗigon sama, bayan 'yan kwanaki ya rufe shi. Na ce ko don ƙafafun motar biyu suna kan murfin lambatu ne ta karkace. Na gyara mata tsayuwa a shimfiɗaɗɗen wuri, na bari ta huce, na sake aunawa. Yana nan inda yake. Da na faɗa wa matarsa, wadda muke kira Alhaja, dariya ta yi.

"Malam, mai shi yana ɗakin Allah yana addu'a, kana mamakin albarka?"

Na ce amin. Amma na san injin mota ba rijiya ba ne, ba ya ɓuɓɓugo da mai.

Wata ranar Lahadi da safe labari ya zo mana cewa jirginsu zai sauka a ranar. Kafin hantsi gidan ya cika da dangi, mata sun sha anko, an ɗaura gwagwaro, ana ta zuba abinci a kuloli. Ƙanin Alhaja, wanda zai tuƙa su filin jirgi, ya miƙo hannu in ba shi makulli. Na ce ya dakata in duba. Na zaro, na goge, na mayar, na zaro. Man ya haura ɗigon sama da faɗin yatsa. Kuma maimakon ya maƙale a jikin ƙarfen, sai ya riƙa ɗiga ƙasa kamar ruwan shayi.

"Ya yi yawa," na ce.

"To sai me? Ƙaranci ake tsoro, Malam. Nan da filin jirgi ne fa, ko a ƙafa ana zuwa."

"Wa ya ƙara shi?"

"Ni na sani? Wataƙila gejin ne ya tsufa yake ƙarya. Don Allah ba ni, rana na yi."

Alhaja ta fito tana gyara mayafi. Ta ce shekara nawa mijinta yana tara guzirin wannan tafiya, ba za a ɗauko shi a adaidaita kamar buhun albasa ba. Mata duk suka zuba mini ido. Wallahi na ji kunya ta rufe ni, har na sa hannu a aljihu na taɓa makullin. Sai na sake duban ƙarfen. Abin da ke jikinsa bai sauya ba don ana jin haushina.

Na ce su yi mini haƙuri na ɗan lokaci. Na naɗe gejin a tsumma, makulli na aljihuna, na tare adaidaita zuwa Sabon Gari.

Bakaniken da ke duba motar, mutumin Zariya ne, Kirista, kuma na manta ranar Lahadi ce sai da na tarar da garejinsa a kulle. Wayarsa a kashe. Wata mai soya doya ta nuna mini cocin da yake zuwa. Na tsaya a inuwar katanga a tsallaken titi, ana ta waƙa a ciki, wayata tana ta ruri a aljihu. Na ɗauka sau ɗaya. Ƙanin Alhaja ne.

"Malam, an ce jirgi ya sauka. Ka gudu da makullin mutane, me za mu ce masa?"

Na ce ina zuwa. Na kashe, na kama salati. Tunanin da ya fi damuna shi ne bakanike ya fito ya ce babu komai, in koma Fagge da tsumma a hannu, na kunyata mutum ranar dawowarsa a banza.

Da aka tashi na hango shi cikin farar shadda, da iyalinsa. Ya gan ni ya yi dariya.

"A'a, Malam! Yau kai ma ka zo ibada wurinmu ne?"

"Oga, mara lafiya na kawo maka."

Na warware tsumman. Ya shafi man da yatsu biyu, ya murza, ya kai hanci. Dariyar ta ɗauke.

"An tashe ta yau?"

"A'a."

"To kada a tashe ta. Fetur ne a ciki."

Ya ce famfon fetur na irin waɗannan motoci, in fatarsa ta huje, sai ya riƙa tsiyayar da fetur cikin baƙin mai duk sanda aka kunna. Man ya tsinke, ba zai riƙe ƙarfe ba. Na tambaye shi ko da za ta kai filin jirgi. Ya ɗaga kafaɗa.

"Wataƙila ta kai. Wataƙila kuma injin ya buga muku a tsakiyar cunkoso da mata cike a ciki. Ni dai ba zan sa matata a ciki ba."

Ya sallami iyalinsa, muka biya gareji ya ɗauki sifana da sabon famfo, ya cire rigar shadda ya rataye. Da muka isa Fagge gidan ya watse, sun tafi a motocin haya. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Abin da ya zubo cikin daro ya fi kama da kananzir, warinsa ya cika layin.

Muna cikin haka guɗa ta tashi daga bakin titi. Alhaji ya sauko daga motar haya cikin jallabiya, ya rame, ya yi baƙi. Alhaja ta wuce ni ba ta ko dube ni ba. Shi kuwa bai shiga gida ba. Ya tsaya ya dubi bonet a ɗage, da ƙafafun mutum a ƙarƙashin motarsa, da daro.

"Malam, haka na bar maka ita?"

Na yi masa barka da sauka, na miƙa masa gejin a cikin tsummansa. Ya duba inda man ya kai, ya sansana.

"Ka bari sun tashe ta?"

"Makullin bai bar aljihuna ba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya leƙa soro ya ɗaga murya, ya ce a miƙo wa Oga galan ɗin baƙin man nan, kuma a fara zuba wa Malam zamzam kafin kowa.